Ka ji ciwo a filin ƙwallo? Ga abin yi kafin a kai ka wajen mai ɗori

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon yamma a filin makaranta ko na bayan gari ya san yadda abin ke faruwa. An kwashe yaro ya faɗi yana riƙe da idon sawu yana birgima, kafin ka ce kwabo mutum biyar sun rufu a kansa, wani ya fizge masa but, wani ya kama ƙafar yana ja wai zai mayar da jijiya wurinta, wani ya kwara masa fiya wata a ka, koci kuma yana can gefe yana cewa tashi mana ai ba komai, kai fa namiji ne. Da daddare Hajiya ta dafa ruwa a gasa wurin da tsumma, a murje da man zafi, washegari ƙafa ta yi suntum, sai a ce to a kai shi wajen mai ɗori.

Ni aikin asibiti nake yi, kuma na daɗe ina riƙe wa kulob ɗin unguwarmu akwatin magani, wallahi kusan duk abin nan da na lissafo a sama ba daidai ba ne, in ka cire ruwan da aka zuba masa a ka. To bari mu bi abin daki-daki yadda nake gaya wa yaranmu, har mu zo kan ciwon da ake ɗauka buguwa ce alhali sankarar ƙashi ce.

Da farko dai kar kowa ya ja ƙafar. Babu wata jijiya da ta goce da za a mayar da ita da ja. Abin da muke kira targaɗe, wasu igiyoyi ne masu tauri da suke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, su ne suka miƙe fiye da kima ko suka ɗan yage, yawanci na gefen waje na idon sawu lokacin da ƙafa ta lanƙwashe ciki. To abin da ya yage kuma ka zo kana ja, me kake tsammani. A ɗauke shi daga fili, a kwance igiyar but ɗin gaba ɗaya a zare a hankali, a duba da ido. In ƙafar ta karkace ta canza siffa, ko ƙashi ya huda fata ya leƙo, ko akwai rauni mai jini daidai inda ake zargin karaya, magana ta ƙare, a rufe da tsumma mai tsabta, a sa kwali ko katako a gefe da gefe a ɗaure sakwa-sakwa don kar ta riƙa motsi, a nufi asibiti a daren. Kar a zuba ƙasa ko toka ko garin magani a ciki, kar a yi ƙoƙarin tura ƙashin ya koma, kuma a tuna wa ma'aikatan maganar allurar tetanus.

In ba haka ba, akwai wani ɗan gwaji da likitoci a birnin Ottawa na ƙasar Kanada suka fito da shi a 1992 don a rage ɗaukar hoton da ba dole ba, kuma har yau da shi ake aiki a ɗakunan gaggawa. Mai sauƙi ne. Ka ce ya yi taku huɗu, ko da ɗingishi ne, muddin yana ɗora nauyinsa a ƙafar. Sai ka sa yatsa ka danna ƙashi, ba nama ba, ƙashin kansa: bayan ƙullutun idon sawu na waje da na ciki tun daga ƙarshensa zuwa sama kamar tsawon yatsa ɗaya, sai ɗan tudun ƙashin nan da ke gefen ƙafa a tsakiya ta layin ƙaramin yatsa, sai wani tudun ta ciki a saman lanƙwasar tafin ƙafa. In ya kasa taku huɗun nan, ko ya yi ƙara da ka danna ɗaya daga wuraren, a je a yi hoto. In ya taka kuma ƙashin bai yi zafi ba sai naman da ke ƙasa da shi, to kusan tabbas targaɗe ne, ana iya kula da shi a gida.

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne mutanenmu suke ɓatawa. Wurin yana zubar da jini ne ta ciki, ruwan zafi da man zafi da murza duk ƙara buɗe hanyoyin jini suke yi, shi ya sa ake wayar gari kumburi ya ninka. A bar gashi sai bayan kwana uku. Abin da za ka yi shi ne ka ɗaga ƙafar ta fi ƙirjinka tsawo, ka kwanta ka jera filo biyu ko uku, ba wai ka zauna a benci a majalisa ka ɗora ta kan bokiti ba. Ka naɗa bandeji mai talewa tun daga gindin yatsu zuwa tsakiyar ƙwauri, ya kama amma kar ya shaƙe, in yatsa ɗaya ba ya shiga ƙarƙashinsa ya yi tsauri, ka kwance shi in za ka yi barci. Ƙanƙara kuma a naɗe ta a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a huta awa biyu a sake, kar a ɗora ta kai tsaye a fata. Amma kar ka tada hankalinka in babu wuta babu ƙanƙara, shi kansa likitan Amurkan da ya yayata tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗagawa a 1978, Gabe Mirkin, ya dawo a 2014 ya ce ƙanƙara tana rage zafi ne kawai, ba ta hanzarta warkewa, yawanta ma yana iya jinkirtawa. Ɗagawa da bandeji sun fi ta muhimmanci.

Kuma hutun ba na sati biyu a katifa ba ne. Da zarar ka iya takawa ba tare da zafi mai tsanani ba ka fara takawa, ka riƙa juya ƙafar kana rubuta alif ba ta da babban yatsa a iska, sau uku a rana. Gaɓar da aka daskarar da ita ta daɗe sai ta sandare, naman ƙwauri ya zube.

Sai maganar kyamis, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Yaro zai je ya ce a haɗa masa na ciwon jiki, a ƙulla masa ƙwaya biyar a leda ba suna ba komai, in ka bincika sai ka ga diclofenac da ibuprofen da piroxicam duk a ciki, alhali dangi ɗaya ne, shan biyu tare ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ƙara gyambon ciki da bugun ƙoda, balle ga wanda ya yi awa biyu yana gumi a rana bai sha ruwa ba. Ka fara da farasitamol, babba ƙwaya biyu masu 500, kar ya wuce ƙwaya takwas a awa 24. In bai isa ba a ƙara ɗaya tak daga cikin waɗancan, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, kuma mai olsa ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ya bar su sai da izinin likita. Sau da yawa a cikin haɗin kyamis ɗin nan akwai dexamethasone ko prednisolone, irin wanda 'yan mata ke sha don ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe, gaskiya yana kwantar da ciwo kamar an yi ruwa an ɗauke, amma in aka daɗe ana sha yana cinye ƙarfin ƙashi, yana tada suga, yana iya kashe kan ƙashin cinya da ke shiga ƙugu, ka ga saurayi ɗan shekara 25 yana neman a canza masa ƙugu. Tiramol kuwa ba sai na ce komai ba, kowa ya ga abin da ya yi wa samarinmu, kuma ga mai burin zuwa Turai ya sani tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa. Babban haɗarinsa a fili shi ne yana ɓoye zafi, ka koma ka buga a kan ƙafar da ta tsage ba ka sani ba.

Masu ɗori fa? Ni ba na cikin masu zaginsu, sana'a ce ta gado, akwai waɗanda hannunsu ya faɗa, kuma da yawansu yanzu su da kansu suke cewa a je a yo hoto tukuna. Ƙashi Allah ya yi shi yana haɗewa da kansa in an daidaita shi an hana shi motsi, na babba sati 6 zuwa 12, na yaro ƙasa da haka, shi ya sa karaya mai sauƙi take warkewa a hannunsu. Inda ake samun matsala shi ne ɗauri. Ƙafar da ta karye kumbura take ci gaba da yi kwana biyu ko uku, in aka jera karare aka tamke da igiya tam, kumburin ba shi da wurin zuwa sai ya matse hanyoyin jini, nama ya fara mutuwa cikin awoyi kaɗan, ba kwanaki ba. Likitocin ƙashi a Najeriya sun daɗe suna rubutu a kan wannan, yana cikin manyan dalilan da ke sa a yanke wa yara hannu ko ƙafa a ƙasar nan, yaron da karayarsa ba ta kai ta kawo ba. Don haka ko ɗorin gida ne ko filastar asibiti ce, duk ɗaya, ka sa ido a kan yatsu. In zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa har magani ba ya taɓa shi, in ka ɗan miƙar da yatsun ya yi ihu, in sun yi sanyi ko sun dushe ko sun yi baƙi-baƙi, in ya ce yana jin dindiris ko kamar ana tsira masa allurai, ko fata ta fara tashin bororo, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti ko ƙarfe biyun dare ne. Kar wanda ya ce maka ai magani ne ke aiki. Kuma karayar da ta shiga cikin gaɓa, gwiwar hannun yara musamman, da ta ƙugu, da ta ƙashin baya, waɗannan ba na gida ba ne sam. Wanda ke Kano ko kusa ga Asibitin Ƙashi na Dala nan tun 1959, sauran jihohi akwai sashen ƙashi a asibitocin koyarwa da na tarayya.

Gwiwa ita kuma halinta daban. In ka juya da gudu ka ji ƙas a ciki, ta kumbura cikin awa ɗaya ko biyu, daga baya kana tafiya tana zillewa kamar za ta kife da kai, mai yiwuwa igiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke, wadda kuke ji ana cewa ɗan wasa kaza zai yi jinyar wata tara. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ta, sai likita ya gwada da hannu ko a yi MRI, wato hoton da ke nuna igiyoyi da nama ba ƙashi kaɗai ba. Ba kowa ne sai an yi wa aiki ba, amma kowa sai ya je sashen gashin ƙashi an koya masa motsa jiki. In kuma gwiwar tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, guringuntsin ciki ne ake zargi.

To abinci. Nan ma akwai kuskure iri biyu, wani da ya ji ciwo sai ya rage ci wai kar ya yi ƙiba tunda ba ya tirenin, wani kuma ya kwashi kuɗi ya sayo garin furotin na roba a intanet wanda ko lambar NAFDAC babu. Jiki mai gyaran nama da ƙashi yana buƙatar kayan gini. Lissafin da masana abincin 'yan wasa suka fi tsayawa a kai shi ne kamar giram 1.6 na furotin a kowane kilo na nauyinka a rana, wato mai kilo 60 yana neman kusan giram 100, a raba shi sau uku ko huɗu, ba a tara a ci a zama ɗaya ba. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6. Nama ko kifi dafaffe mai girman tafin hannunka kamar 25. Kofin dafaffen wake 13 zuwa 15. Rabin litar nono kamar 16 in ba a tsinka shi da ruwa ba. Gyaɗa cikin hannu kamar 7. Ka ga ƙwai uku wajen mai shayi da safe, garau-garau da rana, fura da nono bayan la'asar, tuwo da ɗan nama ko kifi da daddare, ka kusa cikawa, hatsin kansa yana ƙara wani abu. Awara da ƙuli-ƙuli su ne naman talaka na gaskiya, waken suya ya fi duk wani wake furotin. Kuma haɗa wake da hatsi da iyayenmu ke yi, ƙosai da koko, shinkafa da wake, ɗanwake, abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana cikewa, ba su karanta a littafi ba amma daidai suka yi.

Ƙashi yana son sinadarin kalsiyam, akwai shi a nono, da ƙananan busassun kifi da ake ci har ƙaya, da riɗi, da miyar kuka da zogale. Igiyoyin gaɓa kuma ba sa ɗinkewa sai da bitamin C, gwaiba ɗaya ta ishe ka na rana, ko lemo, ko kwalba da nono ta garin kuka. Ka riƙa fita rana kaɗan saboda bitamin D. Sigari da shisha suna jinkirta haɗewar ƙashi, wannan ba wa'azi ba ne, kowane likitan ƙashi zai gaya maka. Nono dai a tabbatar an dafa madarar kafin a kwantar, ɗanyar madara tana ɗauke da wata cuta da ke kawo zazzaɓi mai kai da komo da ciwon gaɓoɓi da baya, sai a yi ta maganin maleriya a banza.

Ruwa kuma fitsarinka ne ma'auni, in ya yi ja kamar shayi ba ka sha isasshe ba. In an buga wasa a zafin watan Afrilu ka yi haɗin gishiri da suga, litar ruwa ɗaya, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya fi lemon kwalba mai sa kuzari da ake ɗirka kafin wasa. Amma in bayan tirenin mai tsanani, irin na wanda ya shiga jim yau ya ce sai ya kamo na shekara, fitsari ya fito baƙi kamar kok ga jiki na ciwo sosai, nama ne ke narkewa yana toshe ƙoda, a tafi asibiti a ranar. Da azumi a mayar da tirenin mai nauyi bayan buɗa-baki ko bayan asham. Allurar ƙara ƙwanji da wasu ke yi a jim a ɓoye kuwa, ƙarshenta maraina su motse, haihuwa ta yi wuya, nono ya fito wa namiji.

Kar ka koma fili don kumburi ya saɓe. Ka gwada tsayuwa da ƙafar ita kaɗai daƙiƙa 30 ido a rufe, ka yi ɗage da ita sau 20, ka yi tsallen ƙafa ɗaya sau goma, ka yi gudu kana karya kwana hagu da dama, in duk ba zafi ba tsoro to bismilla. Ƙaramin targaɗe sati ɗaya zuwa uku, babba yana kai shida ko fiye. Wanda ya yi gaggawa shi ne za ka ji yana cewa ni ƙafar nan kullum sai ta gurɗe. Kociyoyi kuma don Allah ku nemi tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira FIFA 11+, kyauta yake a YouTube, an gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas aka wallafa a 2014, raunuka suka ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna na yi wannan dogon rubutu. Ciwon buguwa yana da ɗabi'a ɗaya, kullum raguwa yake yi. Yau ya fi gobe zafi, in ka huta ya lafa, in ka taka ya motsa. Duk ciwon da ya saɓa wannan ƙa'ida, ba buguwa ba ce ko da kuwa an buge ka ɗin.

Akwai wani yaro da muka yi a kulob, ɗan shekara 16, dogo, a shekara ɗaya ya yi tsawon da kowa ke magana. Aka yi karo da shi a gwiwa, abin da bai kai a busa ba, ya ci gaba da wasa. Bayan sati uku yana ɗingishi, aka ce targaɗe, aka yi gashi aka yi murza. Wata biyu saman gwiwar ya kumbura ya yi tauri, aka ce jini ne ya kwanta aka kai shi wajen wanzami ya yi ƙaho, daga nan aka koma cewa jifa ne saboda ana maganar wani kulob zai ɗauke shi. Babarsa ce daga baya take gaya mana ai tun farko ba ya barci, cikin dare yake tashi yana kuka da ƙafar. Ni kaina ina cikin masu laifi don na ba shi bandeji ban tambaye shi yaya dare ba. Lokacin da aka yi hoto wata biyar sun wuce, kuma da aka ɗauki na ƙirji abin ya riga ya je huhu.

Sankarar ƙashi ce, wadda likitoci ke kira osteosarcoma. Ba ta da yawa, kar kowa ya firgita, cikin yaran da ke kuka da gwiwa mafi yawansu ba ita ba ce. Amma ta fi kama 'yan shekara 10 zuwa 20 daidai lokacin da ƙashi ke saurin tsawo, kuma ta fi son ƙarshen ƙashin cinya ta wajen gwiwa, da saman ƙashin ƙwauri, sai saman damtse kusa da kafaɗa, wato daidai shekarun ƙwallo kuma daidai inda ake shan duka. Buguwar ba ita ke kawo ta ba, tana nan tun da, karon ne kawai ya sa aka lura. Haka ta faru da Terry Fox ɗan Kanada, ɗan wasan kwando ne, ya yi haɗarin mota a ƙarshen 1976 gwiwarsa ta dama ta riƙa ciwo ya share sai kakar wasa ta ƙare, a Maris 1977 aka gano, aka yanke ƙafar yana ɗan shekara 18. Shi ne a 1980 ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 da ƙafar roba yana tara kuɗin binciken cutar sankara, sai da ciwon ya bayyana a huhunsa ya tsaya, ya rasu a 1981.

Alamomin da za ka riƙe: ciwo can cikin ƙashi da ke tada mutum daga barci, ko yana nan ko ana zaune ba a taka ba, yana ƙaruwa sati bayan sati, ya wuce sati uku ko huɗu ba sauƙi. Kumburi mai tauri da ba ya lotsawa, a jikin ƙashi ba a cikin gaɓa ba, wani lokaci da ɗumi da jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a kai. Ƙashi ya karye a kan abin da bai isa ya karya shi ba. Rama ba dalili. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a yi hoton ƙashi, hoton nan na yau da kullum da ake yi a babban asibiti yawanci yana nuna alama, kuma kuɗinsa bai kai abin da ake kashewa a wata ɗaya na gashi da rubutu da zirga-zirga ba. Ka bambanta shi da ɗan tudun nan da ke fitowa yara 'yan 10 zuwa 15 a ƙasan ƙoƙon gwiwa, mai zafi in an yi gudu ko an durƙusa, ya lafa in an huta, wannan na girma ne yana wucewa da kansa.

Ba sankara kaɗai ke saɓa ƙa'idar ba. Gaɓa ta kumbura ta yi zafi rau ga zazzaɓi yaro ya ƙi yarda a taɓa, ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa ko ɓargo, kwana kaɗan take lalata guringuntsi, wannan na yau-yau ne. Mai sikila da ciwon ƙugu ya ƙi tafiya a duba kan ƙashin cinya. Ciwon baya na watanni da gumin dare da rama, a tuna tarin fuka yana kama ƙashin baya. Yaro mai ciwon ƙasusuwa ko'ina ga ɗashewa ga yawan zazzaɓi ga jini a dasashi, a yi gwajin jini, kun tuna golan Super Eagles Carl Ikeme ai a gwajin jinin share fagen kaka aka gano masa kansar jini a 2017, ya yi jinya ya samu sauƙi. Su Baba da su Inna kuma da suka haura 50, sabon ciwon baya ko ƙugu mai hana barci kar a ce sanyi ne kawai, kansar mafitsara ta maza da ta mama suna yawan tafiya ƙashi. Har ƙullutu a maraina ma samari su daina jin kunya, Sébastien Haller ɗan wasan Ivory Coast a Yulin 2022 aka gano masa kansar maraina, aka yi aiki aka yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansar, shi ne dai ya dawo ya zura mana ƙwallon da ta raba mu da kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024, har yau abin na ci mini rai.

In hoto ya nuna abin zargi, daga ranar a daina murza, a daina ƙaho, kar a yarda a yi tsaga ko sakiya, kar a bari wani ƙaramin asibiti ya ce bari ya buɗe ya gani. A hana yaron taka ƙafar da ƙarfi, a samo masa sanda, don in ta karye a wurin aikin ya ƙara wuya. A nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa ko na ƙashi. Can za su yi MRI da hoton ƙirji, sannan su ɗebi ɗan nama a auna, kuma an fi so wanda zai yi babban aikin shi ne zai ɗiba, saboda hanyar da allurar ta bi ita ma sai an yanke ta daga baya. Na san maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura sai ya fusata ya bazu. Abin da ke faruwa shi ne ba a zuwa sai ya riga ya bazu, sai a ɗora wa allurar laifi. Ba a iya fara magani sai an san sunan ciwon, kuma awon naman ne kaɗai ke faɗa.

Maganin kemo ne na wasu watanni, sai aiki, sai a ƙara kemo. Kafin a fara haɗawa da kemo a shekarun 1970, ko an yanke ƙafa waɗanda ke rayuwa ba su kai 20 cikin ɗari ba, yanzu in ba ta bazu ba ana samun 60 zuwa 70 cikin ɗari, in ta je huhu kuwa lissafin yana faɗowa ƙasa da rabin haka. In an zo da wuri sau da yawa ana iya cire ɓangaren ƙashin a sa ƙarfe a bar ƙafar. In likita ya ce sai an yanke, ku nemi ra'ayin likitan ƙashi na biyu a cikin satin, wannan haƙƙinku ne, amma kar a sa hannu a ɗauke yaro a koma gida a dawo bayan wata huɗu. Kemo yana zubar da gashi yana sa amai, ana ba da maganin aman, gashin kuma yana dawowa, kuma a lokacin ne ƙwai da nono da wake da awaran nan suka fi amfani, kaɗan-kaɗan sau shida a rana, a dafa komai ya dahu sosai don garkuwar jiki tana ƙasa. Ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin ko akwai tallafin kuɗin magani, ku sayi fayil guda ku riƙa tara duk hotuna da sakamakon awo da kwanan wata, ku kuma ɗauke su a waya, don faifan hoto yana ɓata a hanya kuma likitan gaba zai so ya ga na farkon ya kwatanta da na yau.